Kiɗan Gareji: Yadda Rashin Ƙwarewa Ya Zama Gado a Kiɗan Rok

A shekarar 1964 hukumar FBI ta Amurka ta buɗe bincike a kan wata waƙa. Iyaye ne suka yi ta kai ƙorafi, wani ma har ya rubuta wa ministan shari'a Robert Kennedy takarda, cewa akwai batsa a ɓoye cikin waƙar "Louie Louie" da wasu samari daga garin Portland, masu kiran kansu The Kingsmen, suka fitar. Jami'an suka ɗora faifan a na'ura, su ƙara masa gudu, su rage, su kasa kunne. Sun fi shekara suna wannan aiki, daga ƙarshe suka rubuta cewa ba a iya gane abin da mawaƙin ke faɗa ko da wane gudu aka saka faifan.

Dalilin kuwa ba wani asiri ba ne. An rataye makirufo ne a sama, sai da mai waƙar, Jack Ely, ya ɗaga wuya yana ihu don muryarsa ta ratsa ƙarar ganguna da jita, ga shi kuma yana da ƙarfen gyaran haƙori a baki. A tsakiyar waƙar ya shigo kafin lokacinsa, ya tsaya, ya sake shigowa, aka bar kuskuren a haka. Kuɗin ɗaukar duka bai wuce dala 50 ba. Abin dariyar, akwai ashar ɗaya tak a faifan: mai ganga ne ya furta shi da sandarsa ta suɓuce, shi kuwa FBI ba ta ji ba. Wannan faifai da aka ɗauka a watan Afrilun 1963 sai da ya kai mataki na 2 a jadawalin Billboard na Amurka.

Duk wanda ya fahimci yadda aka yi wannan faifai ya kama bakin zaren abin da Turawa ke kira garage rock, kiɗan rok na gareji. Garejin a nan ba wurin makanikai ba ne, ɗakin ajiye mota ne da ke jikin gida. A ganina, wannan kiɗa asalinsa ba salo ba ne da wani ya zauna ya tsara. Sakamako ne na yara masu ƙarancin ƙwarewa da kayan kiɗa masu araha, suna ƙoƙarin kwaikwayon waɗanda suka fi su, suna kasawa. Abin da ya sa labarinsa ke da sarƙaƙiya shi ne waɗanda suka zo daga baya sun mayar da wannan kasawa abin so, har suna kashe kuɗi don su samo ta.

Gida, jita da talabijin

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an yi haihuwa sosai a Amurka, kuma iyalai masu matsakaicin ƙarfi suka yi ta ƙaura zuwa sababbin unguwanni a bayan gari, kowane gida da garejinsa. Kafin 1963 waɗannan jarirai sun zama 'yan sakandare. Kayan kiɗa ma sun yi araha: kantin Sears yana sayar da jitar lantarki ta Silvertone wadda amfilifayarta ke haɗe a cikin akwatinta, ga kuma jitocin Japan masu sauƙin kuɗi. Uba ya fitar da mota waje, yara huɗu ko biyar su shiga su rufe ƙofa, maƙwabta su shiga uku.

Abin da ya rura wutar shi ne daren 9 ga Fabrairu, 1964, lokacin da The Beatles na Ingila suka fito a shirin talabijin na Ed Sullivan, mutane kusan miliyan 73 suna kallo. Samarin Amurka suka ga sa'o'insu su huɗu, su ke kiɗa, su ke waƙa, 'yan mata na ihu. Cikin shekara biyu dubban ƙungiyoyi suka ɓullo, daga manyan birane har ƙananan garuruwa. Suna wasa a bikin rawa na makaranta da gasar makaɗa ta gari. Wanda ya tara 'yan kuɗi ya je ƙaramin situdiyo ya buga faifai ɗaruruwa kaɗan, waƙa ɗaya a kowane gefe, ya kai wa gidan rediyon garinsu yana roƙo a saka.

Amma waƙoƙin Beatles suna da wuyar kwaikwayo, domin akwai tsarin jera muryoyi da sai an iya. Waɗanda suka fi sauƙin bi su ne The Rolling Stones da The Kinks da The Animals da The Yardbirds, masu kiɗa da kaushi. A nan ne wani abin takaici yake. Su waɗannan 'yan Ingila daga wajen baƙaƙen fatar Amurka suka koyo, irin su Muddy Waters da Howlin' Wolf da Bo Diddley da Chuck Berry. Sunan Rolling Stones ma daga waƙar Muddy Waters suka ɗauko shi. Ke nan kiɗan bulus (blues), wato kiɗan waɗannan baƙaƙen fata, ya tashi daga Amurka, ya tsallaka teku, ya dawo, sannan yaran fararen fata suka karɓe shi. Ƙungiyar The Shadows of Knight 'yan bayan garin Chicago ne, birnin da Muddy Waters yake zaune yana kiɗa a lokacin, amma waƙar da ta fito da su a 1966, "Gloria", ta wata ƙungiya ce daga Belfast. Ita kanta "Louie Louie" baƙar fata ne ya rubuta ta a 1955, Richard Berry, ya sayar da haƙƙinta da na wasu waƙoƙinsa a kan dala 750 don hidimar aurensa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai a shekarun 1980, bayan ya sha talauci, lauyoyi suka taimaka masa ya dawo da wani ɓangare na haƙƙinsa.

Daga ina dattin sautin ya fito?

Kiɗan gareji ba ya buƙatar ilimi mai zurfi. Yaro ya iya kama igiyoyin jita a wuri uku, ya iya maimaita gajeren salo ɗaya ba tare da ya gaji ba, to ya isa ya yi waƙar minti biyu da rabi. Mai ganga ya yi ta duka ba ado. Mai waƙa ya yi murya irin ta wanda aka yi wa laifi, domin yawancin waƙoƙin a kan budurwar da ta yi yaudara ne, ko manyan da suka hana shi sakewa. Sau da yawa a ƙara ogan mai lantarki, wani kayan kiɗa mai kama da piyano, na kamfanin Vox ko Farfisa, mai siririyar murya.

Sai kuma amon jitar kanta, wanda ke fita a dakushe yana zuza. Wannan ma daga lalacewa ya samo asali. Link Wray ya huda lasifikarsa da fensir domin ya sami wannan kaushi a "Rumble" ta 1958, kiɗan da wasu gidajen rediyo suka ƙi sakawa don tsoron zai tunzura matasa, alhali babu kalma ko ɗaya a cikinsa. Dave Davies na The Kinks ya tsaga tasa lasifikar da reza a 1964. Kamfanin Gibson ya riga ya fitar da wata 'yar na'urar takawa da ƙafa mai suna Maestro Fuzz-Tone tun 1962, amma ba ta yi kasuwa ba sai da Keith Richards na Rolling Stones ya yi amfani da ita a "Satisfaction" a 1965. Daga nan kowane yaro sai ya nemi tasa.

Idan ana neman waɗanda suka kai wannan sauti maƙura, to The Sonics ne, 'yan garin Tacoma a jihar Washington. Kundinsu na farko ya fito a 1965. Mawaƙinsu Gerry Roslie yana kwaikwayon ihun tauraron rok Little Richard har ya wuce shi, suna cika wa na'urar ɗauka ƙara fiye da abin da za ta iya ɗauka, suna waƙa a kan mayya da guba da tabuwar hankali, a zamanin da sauran ke waƙar riƙe hannun masoyiya. Ba su yi suna ba a wajen yankinsu a lokacin. Waɗanda suka yi sa'a su ne irin ? and the Mysterians (haka suke rubuta sunan, da alamar tambaya), 'ya'yan ma'aikatan gona 'yan asalin Meziko a jihar Michigan, waɗanda "96 Tears" tasu ta hau mataki na 1 a watan Oktoban 1966. Akwai ƙungiyoyin mata ma, kamar The Pleasure Seekers ta Detroit inda shahararriyar mawaƙiya Suzi Quatro ta fara. Abin bai tsaya a Amurka ba: a birnin Lima na Peru, Los Saicos sun fitar da waƙar rushe tashar jirgin ƙasa da Sifaniyanci a 1965, da ihun da ba ya kasa na Sonics, kuma kowannensu a nasa ɓangaren duniya yake. Duk inda aka haɗa matasa da jita mai araha da faifan Ingila, abu iri ɗaya ke fitowa.

Muhimmin abin lura shi ne babu ko ɗaya daga cikin waɗannan yara da ya san yana yin "kiɗan gareji". Sunan bai ma wanzu ba. Burinsu su zama Rolling Stones na gaba. Kamar yaran unguwa ne da ke buga ƙwallon tsumma ba takalmi, kowa ya laƙaba wa kansa sunan ɗan wasan Turai. Ba don son tsumma suke yi ba, ita ce a hannu. Su Kingsmen ma ba su ji daɗin yadda faifansu ya fito ba, sun so a sake ɗauka.

Zuwa 1968 abin ya mutu. Beatles sun fitar da kundin da ya ɗauki watanni ana haɗawa a situdiyo, kasuwa ta koma kan manyan kundaye da gwanayen jita masu dogon salo. Yaran kuma sun girma. Wasu jami'a ta ɗauke su, kamar 'yan Count Five na San Jose da suka zaɓi karatu bayan waƙarsu ta shiga biyar na farko a 1966. Wasu yaƙin Biyetnam ya ɗauke su. Rob Lind, mai busa saksofon na Sonics, ya zama matuƙin jirgin yaƙi na sojan ruwa, daga baya ya koma tuƙa jirgin fasinja.

Gado ta hanyar tono

Yawancin kiɗa ana gadonsa ne daga ubangida zuwa yaro. Shi wannan ba haka ya bi ba, domin masu shi sun watse sun kama sana'o'i. Faifayen ne suka rage a kwandon gwanjo, kuma daga can aka tono shi.

Marubutan mujallun kiɗa ne suka fara. A 1971 Dave Marsh ya kira kiɗan ? and the Mysterians "punk rock" a mujallar Creem ta Detroit, wato kiɗan 'yan tasha marasa daraja, kuma yabo yake nufi. A 1972 wani ma'aikacin kantin faifai a New York, Lenny Kaye, ya tattara waƙoƙi 27 na wancan zamani ya haɗa kundin Nuggets a kamfanin Elektra. Bai yi wani ciniki ba. Sai dai ya haɗa waƙoƙin da a da kowacce take gararamba ita kaɗai, ya nuna cewa dangi ɗaya ne. Daga lokacin ne aka fara jin kurakuran a matsayin ado. Shi kansa Kaye ya zama mai jitar mawaƙiya Patti Smith, kuma da "Gloria" suka buɗe kundinta na 1975.

Akwai kuma zare guda da bai tsinke ba, a jihar Michigan. MC5 sun ɗauki kundinsu na farko kai tsaye a dandalin Grande Ballroom na Detroit a watan Oktoban 1968, The Stooges na Iggy Pop suka biyo a 1969. Su ne gadar da ta haɗa yaran gareji da 'yan pank na shekarun 1970. Da 'yan pank na New York, Ramones, suka fitar da kundinsu na farko a 1976, waƙa 14 cikin minti 29 a kan dala 6,400, sauƙin ya riga ya zama aƙida. Martani ne ga manyan taurarin da ke cika filin wasa suna kaɗa waƙa ɗaya ta minti ashirin.

A shekarun 1980 masu tono suka ƙara zurfi. Jerin kundayen Pebbles daga 1978, da Back from the Grave na Tim Warren daga 1983, sun fito da waƙoƙin ƙungiyoyin da ko a garinsu an manta da su. Sababbin makaɗa suka kasu gida biyu. Akwai irin The Chesterfield Kings da The Fuzztones, masu neman ogan na 1966, askin 1966, takalmin 1966. Waɗannan, duk da iyawarsu, a wajena sun fi kama da ma'aikatan gidan tarihi. Akwai kuma waɗanda suka ɗauki halin suka bar kayan: Billy Childish a garin Chatham na Ingila, mai fitar da faifai ba ƙaƙƙautawa da mafi ƙarancin kuɗi, da The Gories da aka kafa a Detroit a 1986, jita biyu da ganguna, babu jitar bes, mace ce mai ganga. Jagoransu Mick Collins baƙar fata ne, ya kuma mayar da kiɗan kusa da bulus ɗin da ya fito daga ciki. A yankin su Sonics kuwa, ƙungiyar Mudhoney ta Seattle ta sa wa faifanta na 1988 sunayen na'urorin dakusar da sauti guda biyu, kuma Kurt Cobain na Nirvana ya yaba amon gangunan Sonics a fili.

2001 da abin da ya biyo baya

A farkon wannan ƙarni kiɗan gareji ya sami kasuwar da bai taɓa samu ba tun 1966. Kunnuwa sun gaji da waƙoƙin da aka goge su tas a kwamfuta. Cikin ɗan lokaci The Strokes na New York, The White Stripes na Detroit, The Hives daga ƙaramin garin Fagersta na Suwidin da The Vines na Ostireliya suka mamaye mujallu. 'Yan jarida ne suka zuba su a kwando ɗaya, amma ba ɗaya ba ne. Mawaƙin Strokes, Julian Casablancas, ɗan mai kamfanin tallan kayan ƙawa na Elite ne, kuma a wata makarantar kwana ta masu kuɗi a Suwizalan ya fara haɗuwa da ɗaya daga cikin masu jitar ƙungiyar. Wannan bai rage wa kundinsu na 2001 daɗi ba, amma a nan rashin gogewar tsara shi aka yi da gangan, waƙoƙin kuma a ɗaure suke tamau, ba kuskure.

White Stripes sun fi cancantar a tsaya a kansu, domin su ne suka fahimci matsalar suka kuma nemo mata mafita. Jack White, wanda sana'arsa ta farko gyaran kujerun kushin ce, ya iya jita sosai, ba zai iya komawa ɗan koyo ba. Sai ya ɗaure wa kansa hannu. Mutum biyu kawai, shi da Meg White mai ganga. Launi uku kawai, ja da fari da baƙi. Jitarsa ta Airline ta roba ce, irin wadda kantin Montgomery Ward ke sayar wa yara a 1964, mai wuyar sarrafawa. Kundin Elephant na 2003 a situdiyon Toe Rag na Landan suka ɗauke shi cikin kusan mako biyu, a kan tsohuwar na'urar kaset mai layi takwas, suka kuma rubuta a jikinsa cewa ba a taɓa kwamfuta ba. An yi ta sukar Meg cewa ba ta iya ganga ba. Masu wannan suka ba su gane wasan ba: dukanta mai sauƙi shi ne abin da ya hana gwanintar Jack ta zama nuna isa. Sun kuma biya bashin da magabatansu suka yi shiru a kai, domin kundinsu na farko ga Son House, tsohon mawaƙin bulus na Mississippi, suka sadaukar da shi.

Duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo ya san wani abu daga wannan kundi ko da bai taɓa jin sunan ƙungiyar ba. Amon nan na "o, o-o-o-o, o, o" da 'yan kallo ke rerawa a filayen Turai daga "Seven Nation Army" yake. Magoya bayan Club Brugge na Beljiyam ne suka fara shi a Milan a watan Oktoban 2003, ya koma hannun magoya bayan Roma, sannan Italiya ta ɗauke shi ta ci Kofin Duniya na 2006 da shi. Sauti bakwai ne kacal, wanda ya sa dubban mutane za su iya rera shi tare ba tare da an koya musu ba.

The Black Keys na garin Akron a jihar Ohio, su ma mutum biyu ne, sun fara ɗauka a ɗakin ƙarƙashin gida, suka yi kundinsu na 2004 a tsohuwar masana'antar taya. Mai jitarsu Dan Auerbach shi ne ya gayyaci Bombino, mai jita ɗan Agadez, zuwa Nashville ya shirya masa kundin Nomad a 2013. Kiɗan jitar Abzinawa yana da nasa tarihin, ba reshen gareji ba ne, amma ba mamaki kunnen da ya saba da ɗanyen sauti da salo mai maimaituwa ya ji shi ya tsaya.

Yau tambayar ta sake sauya kama. Tun 2004 kamfanin Apple ke raba manhajar haɗa kiɗa da ya sa wa suna GarageBand, kuma yaro mai waya zai iya fitar da sauti mai tsafta fiye da wanda Beatles suka samu. Tsafta ta zama ita ce mai araha, datti ya yi tsada. Tsofaffin jitocin roba da na'urorin dakusar da sauti na shekarun 1960 yanzu kayan masu tarawa ne, ana ma sayar da manhajojin da aikinsu kawai su ƙara wa waƙa hayaniyar tsohon kaset. Don haka masu riƙe da abin a yanzu sun koma nemansa a gaggawa da yawan aiki, ba a tsufan kaya ba. Ty Segall da John Dwyer na Osees (a da Thee Oh Sees) a California kusan kowace shekara sai sun fitar da kundi, ba sa ba wa waƙa lokacin da za a goge ta. King Gizzard and the Lizard Wizard na Melbourne sun fitar da kundi 5 a 2017 kaɗai, ɗaya daga ciki da jitocin da aka gyara don su ba da sautin kiɗan Turkiyya. Amyl and the Sniffers, su ma 'yan Melbourne, gida ɗaya suke haya lokacin da suka rubuta faifansu na farko, suka ɗauka, suka sake shi a intanet cikin awa 12 a 2016. Cikin duka na zamanin nan su ne na ga sun fi kusa da yaran 1965, domin a lokacin da gaske koyo suke, kuma mawaƙiyarsu Amy Taylor ba ta yin waƙa kamar mai tuna wani zamani.

Su kuwa dattawan, wasunsu sun rayu sun ga abin da aka yi da kurakuransu. A 2007 aka lallaso The Sonics suka hau dandali a wani bikin kiɗan gareji a Brooklyn, bayan shekaru kusan 40 da watsewa. A 2015 suka fitar da sabon kundi, uku daga cikin 'yan asalin ƙungiyar suna kusa da shekara 70, har da Lind matuƙin jirgi. Wanda ya ɗauke shi shi ne Jim Diamond na Detroit, mutumin da ya yi aikin kundin White Stripes na farko, kuma ya ɗauke shi ne da sautin lasifika ɗaya, irin na da.